IJMB ko JAMB kai tsaye, ga mai son karanta adabin Turanci

Ƙannena a nan Gusau sun dame ni da tambayar nan, to ga abin da na sani.

Ta wajen kuɗi JAMB ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ka sayi fom, ka zauna jarrabawar shiga jami'a a darussa huɗu har da Turanci da Litirecha, in maki ya kai ka shiga aji ɗaya. IJMB kuwa, wato karatun share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya ke shiryawa, akwai kuɗin makaranta da na haya da abinci na kusan shekara guda, amma in ka ci darussanka uku aji biyu za ka faɗa, kenan shekarar ba ta tafi a banza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tushe wallahi. A sakandarenmu ba mu da malamin Litirecha, taƙaitaccen bayani kawai muka haddace, ranar da aka miƙo min waƙar Turanci a aji ɗaya na jami'a aka ce in yi sharhi gumi ya dinga keto min, biro a hannu na kasa rubuta ko layi. Shekarar share fage tana gyara wannan. Sai dai in makinka ya gaza, kuɗi da shekara sun tafi.

Wanda ya saba karanta littafi tun sakandare kuma aljihun gida ba nauyi, ya bi JAMB. Wanda tushensa ya yi rauni irin nawa kuma iyaye za su iya, IJMB ta fi masa.