Kyamarar fim mai zum ɗin da ka ce in aiko maka, ga yadda abin yake a nan Jamus

Salam ƙanina, ya gida ya su Umma, ya zafin Kano. Maganar kyamarar nan da kake ta damuna da ita a waya na ga gara in rubuta a nan kawai, tunda ba kai kaɗai ba ne, akwai abokanka biyu da suka biyo ni ta inbos da tambaya iri ɗaya, kowa a aiko masa da irin ƙaramar kyamarar fim ta da, mai zum, wadda gilashinta ke fitowa in an kunna.

Gaskiya ne abin da ka gani a Instagram, yayinta ya dawo a nan. Yara 'yan jami'a waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da aka ƙera kyamarorin su ne ke rataye da su a wuya. Nan Hambog akwai kasuwar gwanjo da ake ci duk ranar Asabar kusa da tashar jirgin ƙasa ta Feldstraße, Flohschanze suke ce mata, in ka je za ka ga tebura cike da su, Olympus mju, Pentax Espio, Canon Prima, Minolta Riva, duk na shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Abin da da ake zubarwa a bola yanzu kuɗi ne. Tun da wata mai tallan kayan sawa ta Amurka, Kendall Jenner, ta fito da Contax T2 a talabijin a 2017 farashin wannan ya haukace, ya ja sauran. Olympus mju II, wadda ba ta da zum ma, yanzu sai ka ajiye sama da Yuro 200 kafin a kalle ka. Masu zum ɗin su ne suka rage da sauƙi, kuma akwai dalilin da ya sa suka fi araha, shi ne abin da nake so ka gane kafin ka sa rai.

Wadda ke hannuna Olympus mju Zoom 115 ce. Bari in fara da alherinta don kar ka ce na zo kashe maka gwiwa. Tana shiga aljihun kaftani tsaf. Murfinta na gaba zamewa yake, ka ja shi gefe ta kunna, ka mayar ta mutu kuma ya rufe gilashin, wannan murfin kaɗai ya isa a yaba wa wanda ya zana ta, don ba ruwanka da neman marfin da ya faɗi a adaidaita. An yi ta da jure yayyafi da ɗan feshin ruwa, ba wai a tsoma ta a bokiti ba. Fim kuwa da kanta take ja, ka sa shi ka ja bakinsa zuwa alama ka rufe ƙofa, shikenan, in ya ƙare ta naɗe shi da kanta. Ƙarfin fim ɗin ma ba sai ka gaya mata ba, akwai wasu ɗigo-ɗigon azurfa da baƙi a jikin gwangwanin fim da ake kira DX, su take karantawa ta san 200 ne ko 400. Wato ko Umma aka miƙa wa za ta ɗauki hoto mai kyau in dai da rana ne, kuma launin fatar mutum a fim irin su Kodak Gold wlh akwai wani daɗi da waya ba ta bayarwa, waya tana goge fuska ta mayar da kowa sumul ba tabo ba layi.

To ga inda gizo ke saƙar. Zum ɗin nan da kake ɗoki, daga milimita 38 zuwa 115, shi ne raunin kyamarar gaba ɗaya. Ramin da haske ke bi ya shiga, idan gilashin yana ciki a 38 lambarsa 4.5 ce, in ka tura shi ƙarshe zuwa 115 ta koma 9.7, kuma a wannan lissafin duk yadda lamba ta ƙaru rami ƙanƙancewa yake. In ka buga lissafin hasken da ke isa ga fim a ƙarshen zum bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke shiga a farko ba. Me kyamara za ta yi? Dole ta bar ƙofar a buɗe ta daɗe kafin ta rufe, kai kuma a daidai lokacin ne rawar hannunka ta fi fitowa saboda ka jawo abu daga nesa, sai hoto ya fito dishi-dishi, ko kuma ta harba filashi, filashin da iyakarsa 'yan mitoci kaɗan, ya haska ƙeyar wanda ke gabanka shi kuma wanda kake nufi yana can cikin duhu. Ita mju II da ake rububi lambarta 2.8 ce, ba ta zuƙowa amma tana gani da yamma, shi ya sa ta fi tsada.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wannan kyamara ba don ƙasar nan aka yi ta ba. A watan Disamba a Hambog rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi na safe, ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, tsakanin nan ma gajimare ne toka-toka ya rufe sama, kyamarar nan ko da azahar sai ta nemi filashi. Amma ranar Kano? Ai nan ne gidanta. Hasken da muke gudu muna neman inuwar darbejiya shi take nema ido rufe. A ranar Kano ko ka tura zum ƙarshe da fim mai 400 za ta ɗauka garau. Jamusawa suna da fim da wurin wanki da batir a kowace unguwa ba su da rana, mu muna da rana har ta yi yawa amma sauran kayan sai an sha wuya.

Ka duba yadda wankin hoto yake a nan. Shagunan da ake sayar da sabulu da man shafawa da kunzugun jarirai, irin su dm da Rossmann, suna da wani lungu na hoto, ka ɗauki ambulan ka rubuta sunanka ka jefa fim a ciki ka zura a akwati, ba ka ma yi magana da kowa ba, bayan mako ɗaya zuwa biyu ka dawo ka tarar da hotunanka da nagetif ɗinka a aljihun tebur. Arha ne amma sai haƙuri. In kana sauri akwai ƙananan wuraren wanki na ƙwararru, su sun fi tsada, amma cikin 'yan kwanaki za su yi sikanin su turo maka ta imel ka sauke a waya. Fim ɗin kansa fa ba arha ba, Kodak Gold guda ɗaya mai hoto 36 ya kan haura Yuro 10, ka haɗa da kuɗin wanki ka mayar naira da canjin yau ka raba gida 36, za ka ga duk dannawa ɗaya nawa ka ƙona. Har sabuwar kyamarar fim aka fitar a 2024, Pentax 17, wadda ke raba kowane gurbi biyu don ka samu hoto 72 a fim ɗaya, kaga su ma tsadar ta dame su.

A gida kuwa ka tuna lokacin da muna yara, ranar Sallah a gidan zu masu hoto sun fi ƙarfin a ƙirga, kowa da kyamara a wuya, a ɗauke ku a rubuta lamba a takarda, bayan kwana biyu a je Sabon Gari a karɓo. Wancan zamanin ya wuce, studiyo sun koma dijital, abin da suke kira wanki yanzu bugawa ne daga waya ko kati. Don haka tun kafin in sa kyamara a jaka aikinka na farko shi ne ka zagaya Sabon Gari, ka nemi tsofaffin masu hoto ba yaran da ke kan kwamfuta ba, ka tambaye su wa ke wanke fim mai kala da sinadarin C-41, kuma yaushe rabon da ya canja ruwan maganin, don tsohon magani yana mayar da hoto kore ko ja kuma in fim ya lalace a wanki babu gyara. In amsar ita ce sai an tura Legas, to ka sa kuɗin mota a lissafinka.

Batir ma haka. Ba irin na rediyo ko na tocila take ci ba, wani gajere ne mai kauri CR123A, mai bolt 3, wasu kyamarorin kuma CR2. Guda ɗaya yana jan fim da yawa in ba ka cika harba filashi ba. Nan ko a shagon sabulun nan akwai shi. Turo shi ta gidan waya ne matsala saboda dokar batirin litiyam, a jirgi ma ba a sa shi a akwatin da ke shiga ƙasa sai a jakar hannu. In batir ya mutu kyamara ta mutu, ba wani abu a jikinta da ke motsi da hannu, ko fim ɗin da ke ciki ba za ta naɗe maka ba.

Sai maganar lalacewa, nan ne Kano ta fi su nesa ba kusa ba. Cikin zum ɗin nan ƙananan haƙoran roba ne da moto da siririn fileks, wato faffaɗar wayar lantarki, da ke lanƙwasa duk lokacin da gilashi ya fita ya koma, shekara sama da ashirin yana wannan aikin, rana ɗaya zai tsinke. Babban ofishin Olympus na Turai ma a garin nan yake, amma kamfanin ya sayar da sashen kyamara tun farkon 2021, kayan gyaran waɗannan kuwa an daɗe da daina yi. Mai gyara a nan kuɗin awa ɗaya na aikinsa ya fi kuɗin kyamarar, in ka kai masa cikin ladabi zai ce ka sayi wata. Yaran Farm Centre da ke ɗaga fileks ɗin waya ƙarƙashin madubi su yi masa dalma, na tabbata in ka kai musu biyu matattu za su iya tayar maka da ɗaya. Abin da su kuma suka fi mu shi ne doka, in ka saya a intanet daga ɗan kasuwa mai rajista kana da kwana 14 ka mayar ba tare da dogon bayani ba, kuma ko tsohon kaya ne shago na ɗaukar alhakinsa aƙalla shekara ɗaya. A kasuwar Asabar dai babu wannan, hannu da hannu ne, in ka juya baya ciniki ya ƙare, daidai da namu.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarta. Gilashin yana fita yana komawa yana jan iska, a hunturu kuwa ka san abin da ke cikin iskar, in yashi ya shiga haƙoran nan za ka ji ƙararta ta koma kamar ƙaramin injin markaɗe, daga nan sai maƙalewa. Ka riƙa sa ta a leda mai zif. Zafi kuma fim yake ci, kar ka bar shi a mota a watan Afrilu, wanda ba ka buɗe ba ka sa a firij cikin leda, in za ka yi amfani da shi ka fito da shi sanyin ya sake shi tukuna kafin ka buɗe robarsa saboda raɓa.

Na san hawan Daushe kake hari, in Allah ya sa an yi bana. To ka saurara. Kyamarar nan tana da ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, sai ta auna nisa ta motsa gilashi sannan ta ɗauka, dokin da ya taho jafi a guje kafin ta gama shawara ya wuce, wutsiya za ka samu. Dabara ita ce ka saita tsakiyar tagar leƙe a kan wurin da dokin zai biyo, ka danna maɓalli rabi ka riƙe har ɗan koren haske ya tsaya, in ya iso ka ƙarasa. Ka kashe filashi a cikin ƙurar dawakai, don yana kusa da gilashi sosai, duk ƙwayar ƙura sai ya haska ta hoto ya cika da farin ɗigo. Kuma wani hali nata mai ban haushi, duk lokacin da ka rufe murfi ka sake buɗewa ta manta ka kashe filashi, sai ka sake dannawa. Amma da tsakar rana in za ka ɗauki mutum kusa, mai rawani ko hula da farar shadda, nan kuma kunna filashin za ka yi da gangan, saboda farin kaya yana ruɗar ma'aunin haskenta ta rage, fuska ta yi duhu ƙarƙashin rawani. Ni shawarata ka manta da rabin zum ɗin nan, ka tsaya tsakanin 38 da wajen 70, sauran ka taka da ƙafa ka matsa.

Kafin in kashe kuɗi ma, dan Allah ka roƙi Baba ya buɗe maka durowar ɗakinsa, akwai kyamarar da ya zo da ita daga aikin Hajji, baƙa mai igiya, ina kyautata zaton tana nan cikin tsofaffin takardu. Ka buɗe gidan batir ka duba ko ya yi tsatsa ko farin gari, ka buɗe ƙofar baya ka taɓa soson da ke gefe ko ya narke yana manne wa yatsa, in ya narke haske zai riƙa satar shiga yana ƙona gefen hoto, amma wannan gyaran minti kaɗan ne. Ka haska gilashin da tocilar waya ka ga ko akwai zare-zare fari a ciki. In tana buga kwanan wata a kusurwar hoto kar ka damu in ta ƙi karɓar shekarar bana, da yawansu kalandarsu a 2019 ta ƙare, kashe shi kawai za ka yi. Ka ɗauko min hoton gabanta inda aka rubuta lambobin gilashi da na gidan batir ka turo.

In tana da rai, fim mai 400 da batir kawai zan haɗa maka, akwai wani ɗan unguwarmu da zai sauka filin jirgin Malam Aminu Kano kafin Babbar Sallah. Zan ce masa ya riƙe fim ɗin a jakar hannu cikin leda mai haske ya roƙi a duba da hannu, don sababbin na'urorin binciken kaya na CT suna lalata fim ko sau ɗaya ya bi ta ciki, Kodak da kanta ta yi gargaɗi a kai. Kai dai ka je Sabon Garin nan cikin satin nan ka faɗa min abin da suka ce. Ka gaida Umma, ka ce mata man zafin da ta ce yana cikin saƙon.