Wasa ko doki: wanne ya fi dacewa da matashin da damuwa ta kama?

Matashi ɗan shekara 14 ko 15 ba kasafai yake buɗe baki ya ce yana cikin damuwa ba. Sai dai ya kulle kansa a ɗaki, ya daina cin abinci da mutane, ko ya riƙa hawa dokin zuciya a kan abin da bai kai ya kawo ba. A kai shi gaban likita a tambaye shi, ya ce "ba komai". Shi ya sa iyaye da yawa, musamman mazauna Ingila da Amurka, ke neman hanyar da ba sai yaro ya yi dogon bayani ba. Biyu aka fi ambata: jinya ta hanyar wasa, da jinya ta hanyar doki.

Ta wasa tana da tushe. Virginia Axline, wata masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, ta fitar da littafinta a kai tun 1947, kuma akwai ƙungiyoyin da ke tantance masu yin ta, APT a Amurka tun 1982, BAPT a Ingila tun 1992. Sai dai an gina ta ne musamman don yara 'yan shekara 3 zuwa 12. Saurayin da muryarsa ta fara buɗewa ka ajiye masa 'yar tsana, zai ji an raina shi. Tiren yashi, inda yake jera ƙananan siffofi ya gina duniyarsa, shi ne ɓangaren da wasu matasa ke karɓa.

Ni dai doki na fi so, ba na ɓoyewa. A tsarin Eagala, ƙungiyar masu jinya da doki da aka kafa a 1999, ba a ma hawan dokin. Komai a ƙasa ake yi, kuma dole mutum biyu su kasance a filin: ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa mai lasisi, da masanin dawaki. Sai a ce wa yaro ya sa wa doki ragama, ko ya tsallakar da shi wani itace ba tare da ya taɓa shi ba. Doki dabba ce da namun daji ke farauta, don haka kullum yana lura da motsin wanda ya tunkaro shi. Yaro ya zo a fusace, kafaɗa a ɗage, dokin ya kwantar da kunnuwa ya ja baya. Ya sassauta numfashi, ya rage sauri, sai ka ga dokin ya sauke kai ya biyo shi. Daga nan likitan ke samun ƙofa: "Me ka canza har ya zo?" Yaron da ya ƙi yin magana a kan kansa zai yi magana a kan doki, kuma a ƙarshe kansa yake faɗa. Ga ɗan da ya tashi yana kallon hawan Sallah, tsayuwa kusa da ingarma girma ce, ba ya jin an kai shi asibitin masu taɓin hankali.

Amma a san wannan: wani bita da masana suka wallafa a 2014 ya nuna binciken da aka yi kan jinyar doki yana da rauni sosai. Ga ciwon damuwa da fargaba, hanyar gyara tunani da ɗabi'a da ake kira CBT ta fi ƙarfin hujja. Doki ƙari ne a kanta. Yaron da ke yanka jikinsa ko yake maganar mutuwa, likita za a fara kai shi, yau ɗin nan.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Duk mai barga da shafin Facebook yana iya rubuta "muna warkar da damuwa". An taɓa karɓar kuɗin wata guda a hannunmu saboda ɗan 'yar uwata, ashe babu likita ko ɗaya a wurin, share kashin doki kawai aka sa shi. Tun daga lokacin, tambayata ta farko ita ce: wa ke da lasisi, wace hukuma ta ba shi, mene ne lambarsa? Ka duba da kanka a shafin hukumar. Takardar kwas na kwana uku ba lasisi ba ce. Ka kuma bambance: ƙungiyar PATH International, da ta faro a 1969, ta fi shahara da koyar da hawa ga masu naƙasa, kuma akwai jinyar gaɓoɓi da ake yi a bayan doki. Duk suna da amfani, amma ba su ne jinyar zuciya ba.

Mafi haɗari su ne gonakin kwana da ke cewa a kawo musu yaro mai taurin kai na wasu watanni. A Amurka koke-koken cin zarafi a irin waɗannan wurare sun yi yawa har aka sa hannu kan doka a kansu a Disamba 2024. Mu ma ba mu manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar daga wani gidan gyaran tarbiyya a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba. Duk wurin da ya hana ka magana da ɗanka ta waya, ko ya hana ka zuwa ba sanarwa, kada ka bar shi ya kwana a can. Kafin ka biya, ka je ka ga dawakin ko suna cikin ƙoshin lafiya, ka tambaya ko suna da inshora, kuma ka nemi a bar ka ka biya kuɗin zama ɗaya tukuna.