Bugun aljihu na Munƙiz: littafin da Imam Gazali ya rubuta ciwonsa a ciki

Na sayi wannan ɗan littafi, Al-Munƙiz minad Dalal, wato Mai Ceto daga Ɓata, a wani shagon littattafan addini da ke cikin Kasuwar Kurmi, bayan mai shagon ya ga ina jujjuya mujalladan Ihya'u Ulumid Din ina tambayar kuɗinsu. Shi ya ce mini wanda zai shiga Ihya'u ya kamata ya fara sanin halin da mawallafinsa, Imam Gazali, ya shiga kafin ya rubuta shi, ya miƙa hannu can ƙasan kanta ya zaro mini kwafi ɗaya da ƙura ta rufe bangonsa. Kuɗinsa kaɗan ne, yana shiga aljihun riga, mai karanta Larabci kuma zai iya gama shi a dare biyu.

Abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin girmansa. Abu Hamid Gazali, wanda aka haifa a Ɗus ta ƙasar Khurasan a shekarar 1058, ya samu kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, inda shi da kansa ya ce ɗalibai kimanin 300 ne ke zama gabansa. A watan Rajab na 488 Hijiriyya, wato 1095, harshensa ya ɗaure har ya kasa furta darasi, abinci da ruwa suka daina shigarsa, likitoci suka duba suka ce wannan al'amari ne da ya sauka a zuciya, ba su da maganinsa. Ya yi kusan wata shida yana kai-komo tsakanin matsayinsa da tsoron lahira, sannan ya fita daga Bagadaza a Zulƙida yana nuna wa mutane cewa Makka ya nufa, alhali Sham ce a ransa.

Wannan babi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ne mai karatu ke ganin yadda ciwo ya sauya tambayar da malamin yake yi. Kafin nan damuwarsa ita ce mene ne ilimin da babu shakka a cikinsa. Ya ba da labarin wata biyu da ya yi tun da fari yana kokwanton abin da ido ke nuna masa, yana misali da tauraron da ake gani kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma, da inuwar da ake zaton tana tsaye alhali tafiya take yi. Ya binciki tafarkin malaman kalam masu kare aƙida da hujjar hankali, ya binciki na Baɗiniyya masu cewa gaskiya sai ta hannun imami ma'asumi, ya karanci masana falsafa irin su Farabi da Ibn Sina har ya rubuta musu raddi. Amma da harshensa ya ɗaure, sai bincike ya koma kan niyyarsa, ya duba koyarwar da ake yaba masa a kanta ya tarar neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi. Daga nan ya yanke cewa akwai sanin da ba a samunsa sai da ɗanɗano da aiki, kamar yadda sanin ma'anar lafiya ya bambanta da zama lafiyayye. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa rabin Ihya'u ya tafi a kan cututtukan zuciya da magungunansu. Hoton mutumin da Bagadaza ke ji da shi yana hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa ya kulle ƙofa ya wuni shi kaɗai bai bar idona ba har yau.

Shi bugun kansa yana da naƙasu da ya zama dole in faɗa. Takardar sirara ce har rubutun bayan shafi yana leƙowa, gam ɗin kuma ya fara saki tun a karatu na biyu. Babu wasulla ko a kalmomin da ke da wuyar karantawa, wanda hakan zai wahalar da ɗalibin da bai yi nisa a nahawu ba, na kuma ci karo da wuraren da ɗigo ya faɗi ya canja ma'anar kalma.

Babban gibin yana cikin muƙaddima. Mai gabatarwar ya cika shafukansa da yabo, bai gaya wa mai karatu cewa an kashe Nizamul Mulk, wazirin da ya ɗora Gazali a kan kujerar, a 1092 ba, kuma Sarki Malikshah ya rasu makonni kaɗan bayansa, daular Saljuƙawa ta faɗa rikicin gadon sarauta. Bai kuma bayyana cewa an rubuta littafin ne bayan malamin ya koma koyarwa a birnin Naisabur na Khurasan a 1106, shekara 11 da barinsa Bagadaza, lokacin da mutane ke tambayar dalilin da ya sa wanda ya guje wa makarantun hukuma ya dawo cikinsu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin abin da ke rage gaskiyar ciwonsa ba, amma mai karatu yana da haƙƙin sanin cewa dattijo ne ke waiwayen rayuwarsa yana kuma kare kansa, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa a 1111.

Ina ba da shawarar a saye shi, musamman ga ɗaliban zaure da ke shirin fara Ihya'u da ɗaliban jami'a masu karanta falsafa. Wanda ke da hali ya nemi bugu mai wasulla da hashiya, wato bayani a gefen shafi, wanda ba shi da hali kuma ya ɗauki wannan ya kai wa malaminsa su karanta tare da alƙalami a hannu domin gyaran kurakuran ɗab'i. Nawa kwafin na kai shi wurin mai ɗinkin littattafai an sake masa bango.