Gidan tarihin da ƙasa kaɗai ke cikinsa

Da na gaya wa Baba a waya cewa na wuni a gidan tarihin ƙasa, sai ya ɗauka irin na Gidan Makama nake nufi, mai takubba da sulke da rigunan sarakuna. Sai da na yi masa bayani cewa ƙasar da ake nomawa nake nufi, turɓaya da laka da rairayi, an yanko su an jera a bango. Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." Wanda ya san Baba ya san ma'anar wannan addu'ar.

Wurin sunansa World Soil Museum, yana cikin harabar jami'ar Wageningen a Holan, ƙarƙashin ISRIC, cibiyar tattara bayanai kan ƙasar noma ta duniya, da aka kafa a 1966. Daga tashar jirgin ƙasa ta Ede-Wageningen bas zai kai ka. Ni da keke na je, ruwan sama kuma ya yi mini jagab kafin na isa.

Abin da suke ajiyewa shi ne tsayuwar ƙasa. Ana haƙa rami, a yanko ƙasar daga sama har ƙasa, tsawon da ya ɗan haura mita guda, ba tare da an hautsina ta ba, a busar da ita, a ɗura mata gam, a manna a jikin allo. Suna da irin waɗannan fiye da dubu daga sassan duniya, amma kaɗan ne a zauren kallo, sauran suna ma'ajiya. An tsara na zauren bisa manyan rukunai 32 da masana suka kasa ƙasar duniya. Zauren ba shi da girma. Mai gaggawa zai gama cikin rabin sa'a.

Ni kuwa na kusa cinye sa'a guda a gaban allo ɗaya, na wani nau'in ƙasa da ake kira podzol, domin a kanta nake rubuta aikina na karatu, kuma wata uku ina karanta ta a takarda ban gane ta ba sai ranar.

Sunan na Rashanci ne, "pod" ƙarƙashi, "zola" toka, ya shigo ilimi ta hannun masanan Rasha na zamanin Vasily Dokuchaev a ƙarni na 19. In ka tsaya gabanta za ka ga dalili. A sama akwai baƙin ruɓaɓɓen ganye. Ƙarƙashinsa fari fat, kamar an kwashe tokar murhu an shimfiɗa. Sai kuma kwatsam baƙi-baƙi irin na garin kofi, ya gangara ya koma jan tsatsa, daga nan ya narke cikin rawayan rairayi. Wallahi sai ka rantse wani ne ya shafa fenti.

Ba wuta ce ta yi tokar ba, ruwa ne. A dazuzzukan arewacin duniya, inda itatuwa ke da ganye kamar allura, ganyen da ya zuba ba ya ruɓewa da wuri saboda sanyi, kuma yana fitar da tsami. Ruwa ya kwashi tsamin nan ya ratsa rairayi da shi, tsamin ya kama ƙarfe da alminiyam ya yi ƙasa da su, ya bar farin yashi wankakke. Inda kayan suka tsaya, nan ne baƙin da jan suke taruwa, wani lokaci har su daskare su zama dandamali mai tauri da saiwa ba ta iya hudawa. Ya tuna mini marmarar da ke karya wa masu haƙar rijiya gwiwa a garinmu, ko da yake hanyar samuwarsu daban.

To a nan maganar kabon ta shigo, wato sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska su ajiye, wanda yawansa a iska ke ɗumama duniya. Mu da muka tashi da kiran "a dasa bishiya" mun saba ɗauka cewa a jikin itace daji ke ajiye kabon. A dazuzzukan sanyi, mafi yawansa yana cikin ƙasa. Wancan baƙin layin da ke ƙarƙashin tokar kabon ne da ya haɗe da ƙarfe da alminiyam, ƙananan halittun cikin ƙasa ba sa iya cinye shi da sauƙi, sai ya daɗe ƙwarai. Wani bincike da aka yi a tsibiran wasu tafkuna a arewacin Suwidin, aka wallafa a mujallar Science a 2013, ya nuna kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na kabon da ke ajiye a ƙasar dajin daga saiwoyi da naman gwarin da ke manne da su ya fito, ba daga ganyen da ke zuba ba. Podzol ta rufe kimanin hekta miliyan 485 a duniya, galibi a Rasha da Kanada da Sikandinebiya, har da yankin kogin Rio Negro a Amazon mai baƙin ruwa kamar shayi. Duk wanda ya ɗebi samfur daga tafin hannu ɗaya na sama ya ce ya auna kabon irin wannan daji, ya bar jaki yana dukan taiki.

Na leƙa sauran allunan a gurguje. Baƙar ƙasar Rasha mai albarka tana nan, da jar ƙasar wurare masu zafi. Na ɗan tsaya gaban ta rairayi zalla, wadda daga sama har ƙasa kusan launinta ɗaya, na ce ga jigawar gonar Baba an kawo ta Turai an yi mata gado.

Abin da allo ba zai ba ka ba shi ne laima da ƙamshi. Busasshiyar ƙasa launinta ya fi na ɗanya kodewa, kuma ba abin da za ka murza a yatsa ba ne. Sa'ar ita ce dajin Veluwe yana nan kusa, ƙasarsa rairayi ce, podzol kuma birjik. Mako biyu bayan haka mun je aikin fili da 'yan ajinmu, aka buɗe mana rami, na gane kowane layi tun kafin malam ya buɗe baki.

Ɗalibin noma ko gandun daji da ya shigo Holan, ya ware rabin yini ya je, amma ya fara duba ranakun da suke buɗewa, kuma in da hali ya bi ayarin da ke da mai yi musu bayani. Masu zuwa da ƙananan yara su yi guzurin haƙuri, don bango ne da ƙasa. Na tura wa Baba hoton podzol ɗin ta WhatsApp, ya tambaya ko gero na yi a cikinta. Na ce da wuya, tsami ya yi mata yawa. Ya ce shi ya sa suka rataye ta.