Ka tsaya inda tsoka ta gaza ko a kama maka ka ƙara, wanne ya fi?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ka yi tambaya jiya da dare, ka ce wata huɗu ke nan da ka fara ɗaga ƙarfe, kana ganin manya a sal ɗinku, wato wurin ɗaga ƙarfe, wasu na turi har hannu ya ƙi, wasu kuma sai an kama masu sun ƙara biyu uku, kana son sanin wanne ya fi gina jiki.

Abu na farko dai, ɗaya na gaba da ɗaya ne. Gazawar tsoka ita ce ka tura iya ƙarfinka ƙarfen ya tsaya a tsakiya ya ƙi hawa, ko kuma ba zai hau ba sai ka gantsare baya ka wurga shi da ƙugu. Ɗagawar dole kuma daga nan take farawa, ka gaza, abokinka ya sa yatsu ƙarƙashin sandar ya rage maka nauyi kaɗan ka ƙara ɗaya ko biyu, in ta yi yawa uku. Tsokar da ta kasa kilo 60 ai ba ta ƙare ba, tana iya 55, kuma tsoka ta fi ƙarfi wajen sauke kaya bisa ɗaga shi, shi ya sa saukowar kai kaɗai za ka yi ta sannu sannu, hawan ne ake taimaka maka.

Abin da ke damuna wallahi, yawancinmu ba mu kai ga gazawar ba ma balle a yi zancen wuce ta. Zafin nan da kake ji hannu na ƙuna ba shi ne gazawa ba. Akwai wani yaro da muke yi tare a wani fili a unguwar Zariya, irin ƙarfen nan na siminti da aka zuba cikin gwangwani, kullum yana kai takwas sai ya aje ya ce ya ƙare, rannan na tsaya kansa ban taɓa sandar ba ina ƙirga mashi kawai, sai da ya yi goma sha huɗu, a na ƙarshen ne sandar ta riƙa hawa kamar ana jan guga cike daga rijiya mai zurfi, gwiwar hannu na rawa. Wannan jinkirin shi ne alamar ka kusa.

Wajen riba, binciken da aka yi ya nuna wanda ke tsayawa saura ɗaya zuwa uku ya gaza yana samun girman tsoka kusan daidai da mai kaiwa ƙarshe, in kuma ƙarfi kake nema ba ma sai ka gaza ba. In ƙarfen mara nauyi ne sosai to nan dole ka matsa kusa da gazawa kafin ya yi aiki. Ɗagawar dole ƙarin ribarta kaɗan ne amma gajiyarta babba, seri na gaba, wato zagayen ɗagawar da za ka yi bayan ka huta, zai ragu, kuma jiki na iya ɗaukar kwana biyu ko fiye bai dawo daidai ba.

Wajen haɗari kuma tazarar ta fi. Gazawa a naɗin damtse ko turin ƙasa ba komai, ka aje ka huta. Amma kwance bisa benci sanda na saman wuyanka, ko sikwat, wato ka tsuguna ka miƙe kaya na bisa kafaɗa, kada ka kuskura ka gaza ba kowa tsaye kanka. Ɗagawar dole ita kam duk tana hannun abokin ne, in ya ja da ƙarfi shi ya ɗaga ba kai ba, in hankalinshi na ga waya kuma kai ke ƙarƙashin ƙarfe.

Za a kawo maka misalin Dorian Yates ɗan Ingila da ya ci Mista Olimpiya, babbar gasar masu gina jiki, sau shida daga 1992 zuwa 1997, gaskiya ne da salon gazawa da ɗagawar dole ya yi suna, amma seri kaɗan yake yi ya huta sosai, kuma duk da haka damtsenshi ya yage a 1994, tsokar bayan hannu ta yage a 1997, daga nan ya bar gasa.

Sannan ka tuna zafin Maraɗi, watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40. Mutum bai sha ruwa ba ya matse tsoka fiye da kima, tana iya narkewa ta taɓa ƙoda. In ka ga fitsarinka ya koma kalar shayi, hannu ya kumbura ya ƙi miƙewa, ka tafi likita ranar nan. Mai hawan jini kuma ya ga lokotoro tukuna, don riƙe numfashi wajen turi na ɗaga tansiyo.

Kai da kake wata huɗu ƙanena, ni dai shawarata ka riƙa barin biyu a hannu a manyan motsi irin benci da sikwat, seri na ƙarshe na ƙananan motsi irin naɗin damtse ka kai shi gazawa don ka san inda iyakarka take. Ɗagawar dole ka bar ta sai ka yi kamar shekara, sannan sau ɗaya a sati a seri guda, da abokin da kuka yi magana tun kafin ka kwanta cewa biyu kawai zai kama maka.