Canza robar waifa kaɗai ko sayen sabuwa gaba ɗaya?

Masu tsofaffin ƙananan motoci irin su Golf 3 da Starlet, kun san halin da waifa ke shiga bayan hunturu da zafin bazara, rana ta gasa robar ta tsage, ruwan farko na sauka sai ka ji ƙiiii a gilashi ga zane-zane ba ka ganin hanya.

Canza roba kaɗai ya fi araha, amma fa sai da haƙuri. Akwai siraran ƙarafa guda biyu a jikin tsohuwar, kar ka yar da su, su za ka zare ka saka wa sabuwar sannan ka zura ta cikin ƙugiyoyin firam ɗin, in ta yi tsawo ka datse da almakashi. Faɗin ma ba ɗaya ba ne, akwai mai milimita 6 akwai mai 8, shi ya sa gara ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da tsohuwar a hannu a gwada maka.

Sabuwa sukutum kuwa minti biyu ka cire ka maƙala, shi ke nan, sai dai masu arhar nan ƙarfensu lagwai-lagwai ne, wata ko damina ɗaya ba ta kaiwa.

Ni dai in firam ɗin na asali ne bai yi tsatsa ba bai lanƙwashe ba, roba nake canzawa. In kuma ya fara sakin jiki yana barin tsakiyar gilashi a jiƙe, sabuwar roba ba za ta gyara shi ba. In ma ka sa sabuwa gaba ɗaya bai daina ba, to sifirin ɗin hannun waifar ne ya mutu.