Ɗaukar Kare Mai Kuzari Daga Gidan Ceto a Ingila: Wanne Ya Dace da Gidanka?

Kare mai kuzari da son mutane shi ya fi saurin shiga rai a gidan ceto, wato cibiyar da ke karɓar karnukan da suka rasa mai riƙo tana nema musu sabon gida. Da ka doshi kejinsa zai taso da gudu, yana kaɗa bindi, yana neman lasar hannunka. Irinsa kuma shi ya fi ba da wuya bayan an kai shi gida, domin abubuwa biyu yake buƙata a lokaci guda: motsa jiki na sa'o'i kowace rana, da mutum a kusa da shi kusan kullum. Wanda ya samu ɗaya ya rasa ɗaya, cikin 'yan makonni zai fara tauna kujera, ya karce ƙofa, ya yi ta haushi har maƙwabta su kai ƙara. Saboda haka zaɓi ba daga fuskar kare yake farawa ba. Daga yininka yake farawa: ƙarfe nawa kake fita, ƙarfe nawa kake dawowa, wa ke gida da rana, kuma za ka iya fita yawo a watan Disamba, lokacin da duhu ke shigowa wajen ƙarfe 4 na yamma ga ruwa ga sanyi.

Akwai magana ɗaya da gidan Bahaushe ya kamata ya gama da ita tun kafin a cike takardar neman kare. A gida mun saba da kare na gadi ko na farauta ko na bin garke, yana kwana a waje. Gidajen ceto na Ingila kusan duka za su shardanta cewa karen cikin gida zai zauna, kuma mai son mutane zai lashi hannu da tufafi, zai bi ka ɗaki-ɗaki. Ga Musulmi, malamai sun saɓa: mazhabar Malikiyya tana ganin kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, Shafi'iyya na ganin najasa ne, sannan akwai batun halaccin ajiye kare ba don gadi ko kiwo ko farauta ba. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka zauna da iyalinka, a amince kan ɗakin da kare ba zai shiga ba. Ƙaramar ƙofar shinge irin ta tare yara tana raba ɗakin salla da sauran gida. Idan mutum ɗaya a gidan bai yarda ba, a haƙura. Mayar da kare gidan ceto bayan ya saba da ku cutarwa ce gare shi.

Daga ina za a ɗauko shi?

Manyan ƙungiyoyi su ne mafi aminci ga wanda bai taɓa riƙon kare a ƙasar ba. Battersea tana aiki tun 1860, tana da cibiyoyi a Landan da Old Windsor da Brands Hatch. Dogs Trust, wadda aka kafa a 1891, tana da cibiyoyi fiye da 20. Akwai kuma RSPCA da Blue Cross. Karen da ya fito daga hannunsu likitan dabbobi ya duba shi, an yi masa rigakafi, an ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma, an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, yawanci kuma an dandaƙe shi, ko an cire wa karya mahaifa. Kuɗin ɗauka galibi fam ɗari biyu zuwa uku ne, kwikwiyo ya fi tsada. Za su yi maka tambayoyi da yawa, za su so ganin gidan, ko da ta hoto ko bidiyo, kuma suna iya ce maka wannan karen bai dace da kai ba. Kada ka ji haushi. Raunin wannan hanya guda ne: halin kare a keji ba shi ne halinsa a gida ba. Hayaniyar keji tana sa wani ya zama kamar mahaukaci alhali mai natsuwa ne, tana sa wani ya yi lamo alhali wuta ne.

Nan ne ƙananan ƙungiyoyi masu ba da kare riƙo a gidajen mutane suka fi. Karen da ya yi wata ɗaya ko biyu a gidan riƙo, mai riƙonsa ya san ko yana fitsari a ɗaki, ko yana kuka idan an fita, yadda yake yi da yara da kyanwa da baƙi, da irin abin da ke firgita shi. Ga mai neman kare mai kuzari, wannan bayani ya fi duk wani gwaji na rabin sa'a daraja, kuma a ganinmu wannan ce hanya mafi kyau idan ka samu ƙungiya ta gari. Sai dai ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Ka duba ko suna da rajistar ƙungiyar agaji, ka nemi yarjejeniya a rubuce, ka tabbata a ciki sun ɗauki alkawarin karɓar karen idan zama bai yiwu ba.

Karnukan da ake shigowa da su daga Romaniya da Sifen da Girka da Kuburus suna da yawa, hotunansu kuma na taɓa zuciya. A yi hattara. Da yawansu karnukan titi ne da ba su taɓa kwana a ɗaki ba, ba su san matakala ko injin wanki ba, kuma sukan tsere a kwanakin farko. Sau da yawa ba za ka ga karen ba sai ranar da motar ta sauke shi. Ga kuma cututtukan da ba a saba gani a Ingila ba. Leishmaniya, wadda wani ƙaramin ƙwaro mai cizo ke yaɗawa a ƙasashen Bahar Rum, tana iya ɓuya watanni ko shekaru kafin ta bayyana. Ƙwayar cutar Brucella canis tana kama mutane ma, ba ta da tabbataccen magani a jikin kare, kuma tun 2021 wajibi ne a sanar da hukuma idan gwaji ya nuna ta. Duk ƙungiyar da ta kasa nuna maka sakamakon gwajin jinin waɗannan biyu da na tsutsar zuciya, ka wuce ta.

Hanya ta huɗu ita ce karɓa kai tsaye daga wani mai tallan cewa ba zai iya ci gaba da riƙo ba. Ta fi sauri, ta fi haɗari. Babu wanda ya gwada karen, mai shi yana da dalilin ɓoye cizo ko ciwo, kuma babu inda za ka mayar. Ka tuna cewa a Ingila da Wales, tun 31 ga Disamba 2023 haramun ne sayarwa ko kyautar da karen XL Bully, wani irin kare mai girma da ƙarfi, kuma ana hukunci ne da siffar jiki da awo, ba da sunan da mai talla ya rubuta ba.

Shekaru da iri

Kwikwiyo yana buƙatar a fitar da shi fitsari kusan kowace sa'a ɗaya zuwa biyu da rana, a tashi masa da dare, a ciyar da shi sau 3 ko 4. Ba ka san girman da zai kai ba idan gauraye ne, ba ka kuma san halinsa ba tukuna. Mafi wuya shi ne matashi, daga wata 6 zuwa wajen wata 18 ko shekara 2. Jikinsa ya cika, hankalinsa bai cika ba: yana jan igiya, yana tsalle kan mutane, yana kama hannun riga da baki, a kira shi ya yi kamar bai ji ba. Galibin karnukan da za ka ji an yaba da kuzari da fara'a a wannan zango suke, kuma sau da yawa wannan halin ne ya sa aka kawo su. Ana gyara shi, amma aikin shekara guda ne na horo kullum. Kare ɗan shekara 3 zuwa 6 har yanzu yana da ƙarfin gudu da wasa, halinsa ya zauna, abin da ka gani shi za ka samu. Ga gida mai yara ko mai aiki, wannan muka fi ba da shawara.

Kuzari ma iri-iri ne. Border Collie da Malinois karnukan aiki ne. Sa'a 2 ta yawo ba ta isar su idan babu aikin kai, kuma Collie da ya rasa abin yi sai ya koma kora yara da kekuna da motoci, har da cizon dunduniya. Malinois ba na sabon shiga ba ne ko kaɗan. Husky yana son mutane, amma gwanin haƙa ne da tsallake shinge, ba a cika sakinsa ba igiya ba, yana kuka da dare, yana zubar da gashi sosai sau biyu a shekara. Spaniel da Labrador suna da kuzari mai sauƙin sarrafawa, domin suna son abinci da ɗauko abin da aka jefa, don haka horonsu ya fi sauƙi, sai dai su ma suna son kusan sa'a 2 a rana, kuma Labrador yana saurin ƙiba. Staffordshire Bull Terrier ya cika gidajen ceto, kuma da wuya ka samu karen da ya fi shi manne wa mutum. Wajen sa'a 1 a rana tana isarsa, gashinsa gajere ne, amma wasunsu ba sa shiri da sauran karnuka, kuma kaɗaici yana damunsa ƙwarai.

Greyhound da Lurcher, wanda gauraye ne mai jinin karnukan farauta masu gudu, sun cancanci a duba su da kyau. Sirara ne masu dogayen ƙafafu, zubin karnukan farautar Azawak na ƙasar Nijar da Mali. Gudunsu na ɗan lokaci ne, sauran yini barci suke. Greyhound da ya yi ritaya daga tsere yawo biyu na minti 20 zuwa 30 kan ishe shi, kuma ƙungiyar Greyhound Trust na samar wa irinsa gidaje. Matsalarsu bin duk ƙaramin abu mai gudu, kyanwa ko zomo ko ƙaramin kare, don haka da yawa sai da takunkumi da igiya a waje. Lurcher da ke da jinin Collie ko Saluki ya fi buƙatar aiki, ka tambayi gaurayensa.

Ranar ganawa

Kada ka yanke shawara a bakin keji. Ka nemi a fito da shi fili, ku yi tafiyar minti 20, ka lura da abu ɗaya: bayan zumuɗin farko, yana iya saukowa? Karen da bayan minti 10 ya fara shinshina ƙasa, ya karɓi abinci a hankali, ya waiwayo idan ka yi magana, kuzarinsa mai sarrafuwa ne. Wanda har ƙarshe yake haki, yana tsalle, yana ƙin abinci, yana cikin damuwa ne, aikinsa zai fi yawa. Ka shafa shi daƙiƙa 3 ka janye hannu. Idan ya matso, yana so. Idan ya kau da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma, ko jikinsa ya sandare, a bar shi. Ka koma ganawa ta biyu da duk mutanen gidan.

Ka tambaya kai tsaye: me ya kawo shi, an taɓa mayar da shi, ya taɓa cizo, yana gurnani a kan abinci ko abin wasa, sa'a nawa aka taɓa barinsa shi kaɗai kuma me ya yi. Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Ƙungiyoyin kula da dabbobi suna cewa kada a bar kare shi kaɗai fiye da sa'a 4, kuma kare mai tsananin son mutane yana iya kasa jure minti 10. Ka karɓi takardun likita, domin inshorar lafiyar kare galibi ba ta biyan ciwon da kare ya zo da shi. Inshorar tsawon rai ta fi tsada, amma ita ce ke ci gaba da biyan ciwo mai daɗewa, kamar na fata ko na gaɓoɓi, ita kuwa ta wata 12 da wa'adin ya cika ta daina biyan wannan ciwon.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan haya kake, ka samu izinin mai gida a rubuce. Shingen baya ya kai ƙafa 6 ga Husky ko Lurcher, a toshe duk wani rami a ƙasansa. Doka tun Afrilu 2016 ta wajabta na'urar shaida, kuma kai ne za ka tabbata sunanka da adireshinka ne a rajistar, in ba haka ba tarar tana iya kai fam 500. A waje kuma dole ya sa abin wuya mai ɗauke da sunanka da adireshi. Ka yi lissafin tafiya gida ma: wata guda a Kano ko Maradi na nufin kuɗin gidan kwanan karnuka, su kuma za su nemi shaidar rigakafi, sau da yawa har da na tarin keji.

Makonnin farko

A mota da ƙofar gida karnuka suka fi kuɓucewa. Ka yi amfani da ɗamarar ƙirji da abin wuya tare, igiya biyu, kuma kada ka sake shi a fili na makonni. Igiya mai tsawon mita 5 zuwa 10 da aka ɗaura a ɗamara tana ba shi damar gudu yayin da kake koya masa amsa kira. A kwana 3 na farko a rage baƙi, a hana yara rungumarsa ko zuwa wurinsa yana ci ko barci. Ka ci gaba da abincin da ya saba, in za ka sauya ka yi cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan, in ba haka ba zawo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙoƙarin gajiyar da shi da jifan ƙwallo na sa'a guda. Wannan ƙara masa juriya yake, ya bar shi a zabure. Yawo biyu a rana da ake barinsa ya shinshina, horo na minti 5 sau 3, abinci a watsa cikin ciyawa ya nema, da abin taunawa da yamma sun fi kwantar da shi. Kaɗaici kuma tun rana ta biyu ake koya shi: ka fita daƙiƙa 30, ka dawo ba tare da biki ba, ka ƙara a hankali. Ka bar waya tana ɗaukar bidiyo. Idan ka ga yana zirga-zirga, yana dalalar da yawu, yana kuka ba tsayawa, ka koma baya, ka kira gidan ceton tun abin bai yi nisa ba. Duka da tsawa ƙara tsoro suke, tsoro kuma shi ke kawo cizo.

Kicin ɗinmu yana da nasa haɗari. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare, don haka sauran miya ba nasa ba ne. Goro yana ɗauke da sinadaran da ke sa cakulan ya zama guba gare shi. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Dafaffen ƙashi yana tsagewa, totuwar masara da ƙwallon dabino suna toshe hanji, tsinken tsire yana huda ciki. Idan ya haɗiye ɗaya daga cikinsu, kada ka jira alama kuma kada ka sa shi amai da gishiri. Ka kira likitan dabbobi nan take, ka faɗa masa abin da ya ci, yawansa, lokacin da ya ci, da nauyin karen.